Filin Wasanni: Guragun Kurfai ma suna da haƙƙin ƙwallo

A Faransa aka ƙirƙiro ƙwallon guragu bisa kujera mai batir, cikin shekarun 1970. Kowane ɓangare mutum huɗu. Gasar duniya ta farko an yi ta a Tokiyo a 2007, Amurka ta ɗauki kofi. Sai dai kuɗin kujera guda ya fi ƙarfin manomin hatsi na Damana.

Wani Bakano, Misbahu Lawan Didi, ya nuna hanya tun 1988: waɗanda shan-inna ta naƙasa su hau katako mai ƙananan tayu, su buga ƙwallo da hannu. Kafinta da maƙeri sun wadatar. Amma taya ba ta gudu cikin rairayi. Ya rage ga hukumomin Tondikandiya da Filinge su zuba daɓen siminti, matasansu su kara. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.