Kura da Shan Bugu, Gardi da Kwasar Kuɗi

A shekarar 2023 marubutan finafinai na ƙasar Amurka suka ajiye alƙalami har kwana 148, 'yan wasansu kuma suka yi yajin kwana 118. Ban da batun albashi, babban abin da ya harzuƙa su shi ne ƙirƙirarriyar basira, watau irin na'urar nan da ake ɗura wa rubuce-rubuce da muryoyi da hotunan mutane har ta iya kwaikwayonsu. Ba su koma bakin aiki ba sai da kamfanoni suka amince cewa ba za a tilasta wa marubuci yin amfani da ita ba, kuma ba za a sarrafa kamannin ɗan wasa ko muryarsa ba sai da izininsa, tare da biyansa.

Mu a ganinmu sun yi daidai. Na'urar ba ta zo da kome daga cikin uwarta ba, gumin waɗansu ta sha ta yi ƙiba. Amma fa su waɗannan suna da ƙungiyoyi masu ƙarfi da lauyoyi. To, marubuciyar littattafan Hausa da ke Kano fa, ko iyalan marigayi Alhaji Mamman Shata, wanda waƙoƙinsa suka cika intanet ba da shawarar kowa ba, wa zai tsaya musu?

Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta kare aikin marubuci da mawaƙi har shekara 70 bayan rasuwarsa. Shata ya rasu a 1999, ke nan magadansa suna da sauran haƙƙi mai tsawo. Sai dai dokar ba ta faɗi kome a fili game da horar da na'ura da aikin wani ba, kuma ta wannan kafa ce ruwa zai shigo.

Ba muna cewa a hana na'ura koyon Hausa ba ne. Harshen da ba ta sani ba, masu shi ne za a bari a baya. Muna kira dai ga Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka da Majalisar Tarayya su cike wannan giɓi, a nemi izini, a biya. Haka kuma gidajen rediyon gwamnati da ke ajiye da tsofaffin faya-fayen mawaƙanmu, kada wani jami'i ya miƙa su ga kowane kamfani sai da rubutacciyar yarjejeniya wadda ta ambaci rabon magada.