Sauri Ya Haifi Nawa: Jan Hankali Kan Injin Goge Fentin Mota A Akodesewa

Duk wanda ya saba ratsa Akodesewa a birnin Lome da hantsi ya san wannan ƙara: injin goge fenti yana kuka kamar zai tashi sama, yaro ya duƙa a kan bonet gumi na zuba, mai mota kuma yana tsaye a gefe yana duba agogo domin direban da zai hau hanyar Sinkase ya ƙosa. Kafin azahar mota ta fito tana ƙyalli kamar madubi, kowa ya yi murna. To amma mu da muke amsa kiran masu saurare a gidan rediyo mu ne muke jin ƙarshen labarin. Kwanakin baya wani bawan Allah ya kira mu yana ƙorafin cewa motar da ya aika wa surukinsa a Maraɗi, ko shekara ba ta yi ba rufinta da bonet suka fara saɓa kamar fatar maciji, har ta kai surukin yana zargin an sayar masa da motar da ta taɓa yin hatsari. Binciken da muka yi wajen masu fenti ya nuna mana cewa motar lafiyarta ƙalau ta sauka daga jirgi, a wajen goge ta ne aka yi mata illa.

Mai karatu ya san cewa galibin motocin da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Lome na hannu ne daga Beljiyam, Jamus da Faransa, kuma da yawansu wucewa suke yi zuwa Burkina Faso, Mali da Nijar. Bayan juyin mulkin watan Yulin 2023 a Nijar, da aka rufe iyakarta da Jamhuriyar Benin, kaya masu yawa da a da suke bi ta Kwatano sun koma bi ta Lome da Sinkase. Aiki ya ƙaru, gaggawa ma ta ƙaru, kuma kowace mota sai an wanke ta an goge kafin a nuna wa mai saye.

Abin da da yawanmu ba mu sani ba shi ne, fentin motar zamani hawa-hawa ne. Akwai na ƙasa mai kama ƙarfe, akwai mai launi, sannan akwai ɓawon sama mai sheƙi wanda ba shi da launi, wanda masu fenti a nan suke kira verni. Dukkansu idan aka haɗa, kaurinsu kaɗan ya ɗara na takardar rubutu guda. Shi vernin kaɗai bai cika wuce maikiron 40 zuwa 50 ba, maikiron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, wato ke nan bai kai kaurin silin gashin kai ba. Wannan ɗan siririn ɓawo shi ne laimar da ke kare launi daga zafin rana. Gogewa kuma ba komai ba ce illa kankare shi kaɗan-kaɗan har ƙarzunan da ke kansa su baje. Abin da aka kankare ya tafi ke nan, ba ya tsirowa. Shi ya sa masana fenti suke gargaɗin kada a ci fiye da kimanin rubu'insa a duk tsawon rayuwar mota.

Yanzu bari mu zo kan injin. A jikinsa akwai ɗan maballi mai lamba 1 zuwa 6, kuma a nan matsalar take. Wannan lamba ba ita ce gudun injin ba, alama ce kawai, kuma kowane kamfani da nasa lissafin. A injin Makita 9227C, wanda ƙwararru suka daɗe suna aiki da shi, lamba 1 juyi 600 ce a minti, lamba 3 juyi 1,500, lamba 6 kuma juyi 3,000. A injin mai araha da muke saye a kasuwa, lamba 1 tana iya farawa daga juyi 1,000 ko fiye. Saboda haka yaron da aka ce masa ya sa a lamba 3, a wani injin daidai yake, a wani kuma ya riga ya wuce gona da iri. Abin da ya kamata a fara yi shi ne a karanta ɗan allon da ke manne a jikin injin, a ga mafi ƙanƙantar juyi da mafi yawa, sannan a san inda kowace lamba ta faɗa.

Domin mai karatu ya gane girman abin, ga ɗan lissafi. Faifan soso mai faɗin milimita 180, idan yana juyi 1,500 a minti, bakinsa yana gudun kimanin kilomita 50 a awa a kan fenti. Idan aka kai shi 3,000, gudun ya haura kilomita 100 a awa. Wannan gudu zafi yake haifarwa, zafi kuma shi ke ƙona verni, musamman a gefen ƙofa, kan layin bodi da bakin bonet, inda fenti ya fi sirantaka, da kuma kan bamba ta roba wadda ba ta sakin zafi da wuri kamar ƙarfe. Abin da ya fi ban takaici shi ne masu ɗaura soso a kan ƙaramin injin yankan ƙarfe, wanda ke juyi kusan 11,000 a minti. Wannan ya wuce ɓata mota, kasada ce da ido da yatsun yaro.

Ƙa'idar da masu fenti na gari suka tafi a kai a fili take. A baza man gogewa a hankali, tsakanin juyi 600 zuwa 900, domin kada ya fantsama. A yi ainihin aikin tsakanin 1,200 zuwa 1,500, a ɗan fili da bai wuce ƙafa biyu ba kowane gefe, soso a kwance, hannu yana tafiya ba ya tsayawa wuri guda. Sannan a sauko ƙasa da 1,000 da soso mai laushi a gama. A riƙa ɗora bayan hannu a kan bodi, in ya yi zafin da hannu ba zai jure ba, a dakata. A yi aiki a inuwa, ba a kan motar da ta wuni a rana ba. A lokacin hunturu kuma a wanke mota da kyau a kakkaɓe soso akai-akai, domin ƙwayar yashi guda a ƙarƙashin soso ta isa ta zane ƙofa baki ɗaya. In aka ga launin mota ya fito a jikin soso alhali fentin mai verni ne, to an riga an huda shi, sai dai feshi.

Wani hanzari ba gudu ba, yaran da ke wannan aiki suna da hujjarsu, kuma ya kamata a saurare su. Sun ce injin mai araha idan aka sa shi a lamba 1 ko 2 aka ɗan danna, sai ya yi sanyi ko ya tsaya, shi ya sa suke murɗa shi sama. Gaskiya ne. Manyan injuna suna da na'urar da ke riƙe gudu ko an danna, masu araha da yawa ba su da ita, ga shi kuma wutar janareto tana hawa tana sauka. Haka nan idan ya daɗe yana juyi a hankali yakan ɗau zafi, domin fankar da ke sanyaya shi ma a hankali take juyawa. Amma maganin wannan a rage dannawa ne, a koma faifai ƙarami na milimita 125 ko 150 wanda bai fi ƙarfin injin ba, a kuma riƙa ba shi hutu. Faifan milimita 125 a juyi 1,500 gudun bakinsa kilomita 35 ne kacal a awa. Araha ba laifi ba ce, talaka da abin da ya samu yake sana'a, rashin sanin halin injin ne laifi.

Hujjarsu ta biyu ita ce ta fi ƙarfi, kuma kanmu take dawowa. Ana biyansu ne bisa yawan motocin da suka gama. Wanda za a ba shi kuɗi ɗaya ko ya yi awa guda ko ya yi wuni, wa zai hana shi sa lamba 6? A ganinmu, hannun da ke murɗa maballin nan na ɗan kasuwa ne, ba na yaro ba. Mu ne muke tsaye a kansu muna cewa a yi sauri, mu ne muke ƙwaron kuɗin aiki, mu ne kuma muke jin daɗi idan aka shafa man da ke cike ƙarzuna ya ɓoye su na ɗan lokaci, wanda wanki biyu ko uku ke tona masa asiri.

Wani zai ce ai mota sau ɗaya ake sayar da ita, mai saye kuma yana can Ƙonni ko Yamai, ina ruwana? Wannan ba tunanin ɗan Zango ba ne. Iyayenmu da suka yi fataucin goro da shanu tsakanin Arewa da bakin teku, da amana suka yi shi: baƙo ya sauka gidan maigida, ya bar dukiyarsa, ya tafi ya dawo ya iske ta. Ko tashin da aka yi wa tsohon Zangon Lome a 1977 zuwa bayan gari bai rushe wannan amana ba. A yau kuwa hoton bonet da ya saɓe yana isa wayar dillalai goma ta WhatsApp kafin la'asar. Ranar Sahel ba irin ta Turai ba ce, motar da aka cinye vernin ta a Lome, a Maraɗi ko Agadas za ta nuna, kuma sunan wanda ya aiko ta za a kira. Ban da haka, ɓoye aibin kaya ga mai saye abu ne da addininmu ya hana.

Saboda haka muna kira ga 'yan kasuwar mota da su ware wa gogewa lokacinta da kuɗinta, su biya bisa kyawun aiki. Manyan dillalai su haɗa kuɗi su sayi ɗan ma'aunin kaurin fenti, wanda ake ɗorawa a jikin bodi ya nuna lamba, domin ya kan nuna inda fenti ya sirance da inda aka taɓa yin feshi ko ciko. Masu gareji su zauna da yaransu su rubuta a jikin kowane injin lambar da ba za a wuce ba. Masu saye a kasuwannin kan iyaka kuma su duba mota a tsakiyar rana ko da fitilar waya, in sun ga zane-zane masu zagaye suna bin haske, su san an yi mata aikin gaggawa, su tambaya. Ƙarzunan da farce ke maƙalewa a cikinsu kuwa, gara a bar su a gaya wa mai saye gaskiya da a bi su har a huda fenti.

Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba. Allah Ya sa wa kasuwancinmu albarka, Ya ba mu ikon riƙe amana.