Raddi ga masu cewa kiwon yawo jahilci ne

Tun da jihar Binuwai ta haramta kiwon sake a 2017, gwamnonin kudu kuma suka bi sahu a taronsu na Asaba a 2021, ake ta nanata wasu hujjoji a rediyo da zaurukan taro har sun zama kamar karatun allo. Bari mu ɗauke su mu auna.

Suka ce makiyayi ba shi da haƙƙi a ƙasa, kutse yake yi. To ina aka kai dokar gandun kiwo da gwamnatin Arewa ta yi a 1965? An ware gandaye fiye da 400, amma waɗanda aka tabbatar a hukumance ba su kai rabi ba. Burtalin da kakanni suka shata, yau gero ne a kansa, ko gidan mai. A 1998 ECOWAS ta amince da ƙetara iyaka da dabbobi bisa takarda, Nijar kuwa a dokarta ta 2010 ta ce tafiya da garke haƙƙin makiyayi ne. Wanda ya tura shanu cikin dawar wani ya biya ɓarna, ba musu, ardo da mai unguwa sun san yadda ake ƙiyasta ta. Amma a toshe hanya sannan a kama saniya da laifin ratse, wannan ba shari'a ba ce.

Suka ce shanunmu ba nono, a kawo na Turai. Gaskiya ne saniyar Holan ta fi Bunaji cika ƙwarya, idan an ba ta dusa, da inuwa, da likita a kusa. A kai ta Holan ɗin dajin Yobe a watan Afrilu a gani. Rahaji mai dogayen ƙafafu takan yini tana tafiya ba ta sha ba. Kuri tana iyo tsakanin tsibiran tafkin Chadi. Muturu tana zaune cikin tsando, sammore bai kayar da ita. Ko masanan Shika da ke Zariya barbara suka yi da Bunaji, ba su yar da ita ba, haka Nijar ta daɗe tana tace irin Azawak a Tukunus.

Hujjar da ta fi ba ni haushi ita ce wai makiyayi ba shi da ilimi. Tun kafin Turawa su kafa cibiyar dabbobi ta Vom a 1924, Fulani na yi wa shanu rigakafin ciwon huhu: a yanko ɗan huhun wadda cutar ta kashe, a tsaga fatar karan hancin mai lafiya, a cusa, in wurin ya kumbura a ƙona shi da ƙarfe. Allurar yau ta fi tsafta, ba shakka, amma waye ya koya musu dabarar? Binciken da Breman da de Wit suka wallafa a 1983 ya nuna garken yawo a Mali ya fi gidajen gona na Amurka da Ostireliya masu irin ruwan samansa samar da nama da nono a kowace kadada. Dalili kuwa a fili yake: ruwan sahel ba ya sauka daidai a wuri ɗaya kowace shekara, ciyawar arewa kuma da damina ta fi ta kudu maiƙo. Duk mai son a killace shanu, ya fara faɗa mana inda zai samo harawar watanni bakwai na rani, da wanda zai biya kuɗinta.