RA'AYINMU: A BA UNGUWA FILI TA CIYAR DA KANTA

Ran 29 ga watan Mayu na 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur. Nan da nan kuɗin mota ya hau, farashin mudu ya bi bayansa, har gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci kan abinci cikin watan Yuli na shekarar. Sai aka sake yin kiran nan da kunnuwanmu suka saba da shi, watau kowa ya koma gona.

Kiran yana da kyau, amma kuwa an sha yin sa. A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta fito da shirin ciyar da ƙasa, aka gargaɗi makarantu da magidanta su nome bayan gida, aka tura ɗalibai ƙauyuka lokacin hutu. A 1980 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kawo nata shirin bunƙasa noma. Duk da haka jiragen ruwa ba su fasa sauke shinkafar waje a Apapa ba, domin an yi tsarin ne daga ofis, ba a ba mai fartanya abin da ya fi bukata ba, watau fili da ruwa waɗanda ya tabbata ba za a ƙwace masa ba.

Mazauna biranen Kudu sun ɗanɗana sakamakon wannan. Cikin Fabrairu 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, fataken abinci suka tsai da motocinsu na 'yan kwanaki, tumatir da albasa suka gagari talaka a Legas. Garin da miyarsa ke tafiyar kilomita dubu kafin ta iso tukunya, lalle kullum yana cikin hatsari.

Dokar Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birane a hannun gwamnoni, ta ba ƙananan hukumomi ikon ba da na karkara. Saboda haka muna kira gare su da su ƙidaya kangayen filaye da fadamu, su ba ƙungiyoyin unguwa aro a rubuce, aƙalla na shekara uku, su haƙa musu rijiyoyi don noman rani. Kada a tambayi kowa katin jam'iyya ko asalin garinsu, gama yunwa ba ta tambaya.

Jama'a ma akwai nasu nauyin. Kakanninmu sun bar mana gayya da adashi da rumbu. Ya kamata sarakunan Hausawa na Sabo da Agege da sauran zangogi su haɗa kai da 'yan gari, a yi aikin gayya, a kwashe takin da ke ruɓewa banza a karar shanu, a sayi iri da kuɗin adashi. Lambun unguwa ba zai cika buhun hatsi ba, amma zai ɗauke wa uwargida kuɗin cefane. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.