Wai Gyaran Keke Ba Nazari Ba Ne?

Jama'a, akwai wata magana da ke yawo a Sashenmu wadda bai kamata a bar ta ta kwana ba. Tun da wasu 'yan ajinmu suka zaɓi yin aikinsu na wannan zango tare da wata ƙungiya ta cikin gari, mai tattara tsofaffin kekuna ta gyara ta raba wa 'yan makaranta kyauta, sai aka shiga yi musu dariya, ana kiransu "masu faci". Har da masu cewa wai wannan zubar da girman jami'a ne. To, wane girman?

Bargery bai haɗa ƙamusunsa na 1934 yana kishingiɗe a ɗaki ba, daga bakin mutane ya kwaso. Mu kuwa da muka sha Hausar a nono, kullum littafinsa muke juyawa, muna ƙyamar bakin da ya ba shi. Kai ɗan'uwa mai dariya, je ka zauna a rumfar mai gyara yini guda, ka kasa kunne. Birki da taya da feda da kariya da faci duk daga Turanci aka aro su, aka lanƙwasa har suka bi harshenmu. Amma da aka zo kan mazauni sai Bahaushe ya ƙi aro, ya ciro sirdi daga bayan doki ya ɗora wa keke. Me ya sa ya ari wancan ya ƙi wannan? Ashe wannan ba tambayar nazarin harshe ba ce? Wanda ya iya amsa ta da hujja, wallahi ya fi wanda ya kwafe babi uku daga kundin wani.

Sa'an nan ga bukata a fili. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, kuɗin mota ya gagari iyaye da yawa, yara kuwa sai sayyada. Idan an ba yaro keke, ran da sarƙa ta tsinke ya rasa yadda zai yi, sai a jingine shi a zaure ya yi tsatsa. Shi ya sa ƙungiyar Village Bicycle Project, wadda ta fara aiki a Gana a 1999, ta haɗa samar da keke da koyar da gyaransa. Ƙungiyar garinmu tana da masu gyara, abin da ta rasa shi ne ɗan littafin koyarwa cikin Hausa mai sauƙi, da boko da ajami. In mu ba mu rubuta ba, wa muke jira, 'yan Sashen Faransanci?

Su ma 'yan'uwan namu ina jan kunnensu. Kada a je a ɗauki hoto da sifana a hannu, a samu maki, a ɓace. Muna roƙon malamanmu, Allah ya ƙara musu sani, kada su sa hannu a kan aikin nan sai masu gyaran sun ji an karanta musu littafin, sun gyara abin da aka kuskure, an kuma bar musu nasu kwafin a rumfa.