Hutun Jinya: A Rubuta Shi a Doka, a Daina Roƙonsa

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin kwantar da marasa lafiya a asibitin Gwamnatin Tarayya da ke Azare ya san kowane gado mutum biyu gare shi: na kwance, da wanda ya shimfiɗa tabarma a gefe. Wannan na biyun, mai jinya, shi ke karɓar takardar likita ya sayo magani, shi ke neman mai ba da jini, shi ke kawo kunu a filas, shi ke juya tsoho kada bayansa ya yi gyambo. In aka turo mara lafiya daga Giade, da mai jinyarsa ake tafiya, kuma sau da yawa ɗan da ke ɗaukar albashi ake ɗora wa, don shi ke iya karanta takarda ya kuma biya kuɗi. Ɗan nan kuwa malamin firamare ne ko ma'aikacin ƙaramar hukuma da ake jira a wurin aiki gobe da safe.

Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta ba ma'aikaci kwana 12 a shekara da albashinsa in shi kansa ya kwanta, bisa shaidar likita. Ta ba mai haihuwa mako 12 da aƙalla rabin albashi, muddin ta yi wata shida a aikin. Gwamnatin Tarayya ta kai na ma'aikatanta mata mako 16, a 2021 kuma ta amince da kwana 14 ga uban jariri. Legas tun 2014 ta ba ma'aikatanta mata wata shida. Ga dokar 2010 ta biyan diyya ga wanda ya ji rauni a bakin aiki. Duk ci gaba ne, amma duk a kan jikin ma'aikaci ko jaririnsa suka tsaya. Babu inda Dokar Ƙwadago ta san da uwar da ɓarin jikinta ya shanye, ko ɗa mai sikila da ciwonsa ke tashi da tsakar dare.

Abin da ya maye gurbin doka shi ne roƙo: "Ranka ya daɗe, a taimaka mini, tsohuwa ce ba lafiya." Shugabanni da yawa masu tausayi ne, sukan ce Allah ya ba ta lafiya, je ka. Amma tausayi ba shi da ma'auni. Mai uwa a gindin murhu ya yi wata guda ba a ce masa kanzil ba, wanda bai san kowa ba ya dawo bayan kwana uku ya tarar da takardar tuhuma. Tunda kuma ba a rubuta komai ba, ba wanda aka sa ya riƙe ajinsa, yara su wuni suna wasa.

Za a ce, da ma muna kuka da fashin aiki da ma'aikatan bogi, ga shi ana son buɗe wata ƙofa. Wannan tsoron gaskiya ne. Sai dai izinin baka shi ne mafakar malalaci, domin ba shi da ranar farawa balle ta ƙarewa. Hutun da aka rubuta, da takardar asibitin da aka kwantar da mara lafiya, da adadin kwanaki, shi ke bambanta mai jinya da mai zuwa cin kasuwa. Wasu kuma za su ce mu masu zumunci ne, ba a rasa ɗan'uwan da zai zauna. Ɗan'uwan nan galibi mace ce, kuma yau mace ita ce malamar makaranta, ita ce ungozomar ƙauye. Mun roƙi iyaye su bar 'ya'yansu mata su yi karatu su kama aiki, bai dace ranar jinya mu ce su zaɓa tsakanin uwa da albashi ba.

Saura batun kuɗi. Amurka tun 1993 ta ba da mako 12 na kula da iyaye ko 'ya'ya ko abokin aure, Birtaniya ta fara ba da mako guda a 2024, dukansu ba albashi. Kwafo wannan yadda yake ba zai yi mana ba, don a nan albashin shi ne kuɗin maganin. A ganina a ba da mako biyu a shekara da cikakken albashi, abin da ya ƙaru a ɗauka ba biya, amma kujerar mutum tana jiransa. Gwamnatin Jihar Bauchi na iya sa wannan cikin ƙa'idojin ma'aikatanta, har da malamai da na ƙananan hukumomi, in ƙungiyoyinsu, NUT da NULGE, suka sa shi gaba kamar yadda suke sa ƙarin albashi. Mai sayar da mai a gidan mai da malamar makarantar kuɗi kuwa, nasu sai Majalisar Tarayya ta gyara Dokar Ƙwadago, domin tsarin mulki a hannunta ya bar sha'anin, kuma wakilan yankinmu na Katagum a Abuja ya kamata su fara kai ƙudurin.