A Raɗa Wa Kwamfutocin Hukuma Suna

A ƙasar Gwandu, kamar sauran ƙasar Hausa, ba a barin jariri ya wuce kwana bakwai ba a raɗa masa suna ba. Bafillatani ma kowace saniya a garkensa ya san yadda yake kiranta. Amma sai ga shi ana sayo kwamfutoci da kuɗin jama'a, a jera su a ofis, a bar su da sunan da suka zo da shi daga kanti, wato kalmar DESKTOP da waɗansu haruffa da lambobi bakwai a bayanta, waɗanda ko mai ofishin bai iya faɗinsu da ka ba. Ranar da ɗaya ta lalace ko ta yi ƙafa, sai a shiga kame-kame, a rasa ko ta wane ofis ce.

Kowace kwamfuta da aka haɗa da 'yan'uwanta tana da lamba, tana kuma da suna. Sunan kashi biyu ne: akwai nata na kanta, akwai na yankin da take ciki. Wanda ya yi makarantar boko a Arewa ba zai sha wuyar gane wannan ba, gama da sunan yanka da sunan gari ake rubuta yaro a rajista, don a bambanta Umaru Gwandu da Umaru Kalgo. Dubi adireshin Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, mai mazauni a Kalgo: www.fubk.edu.ng. Daga dama ake karanta shi, kamar ajami. Haruffan ng su ne Nijeriya, edu gidan makarantu, fubk jami'ar, www kuwa na'urar da ke amsa baƙi. Maƙwabtanmu na Nijar da ne suke ƙarewa.

Duba sunan ba ya bukatar injiniya daga Legas. Mutum ya buɗe tagar ba da umarni ya rubuta hostname, nan take na'ura za ta faɗi sunanta, ko Windows ce a cikinta ko Linux. Sauyawa kuwa sai mai izinin kula da na'urar. A Windows cikin saituna ake yi, kana a kashe a kunna. A yawancin Linux na yanzu da umarnin hostnamectl. Sharaɗin dai kada a bar fili a tsakani, kada a sa wani abu ban da haruffan boko na Turanci da lambobi da ɗan karan tsaye a kwance. Kowane gaɓa ba ya wuce harafi 63, amma a Windows gara a tsaya a 15. Kada kuma na'ura biyu su ɗauki suna ɗaya a gida ɗaya, don rikici ke nan. Wanda ya san zauren jarrabawar shiga jami'a, wadda aka mai da ita kan kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, ya san abin da rikicin minti goma ke jawo wa yaron da ubansa ya sayar da buhun shinkafa ya biya masa.

A nan akwai wani abin dariya mai ciwo. Haruffan Hausa masu ƙugiya ba su shiga sunan na'ura. Ofishin ƙasa in bai yi hankali ba sai ya koma ofishin kasa, kuɗi su zama kudi. Tun 2003 an fito da dabarar shigar da haruffan waɗansu harsuna cikin sunan yanki, amma sai hukumar da ke rajista ta yarda da su. Gwandu da Kalgo sun yi sa'a, babu ƙugiya a sunansu. Duk da haka Gwandu ta taɓa ɗanɗana abin da ke faruwa in baƙo ne ya rubuta maka suna: Bajamushen nan Barth, da ya sauka garin a 1853 zamanin Sarki Halilu, Gando ya rubuta, haka kuwa ta daɗe a taswirorin Turawa.

Babbar magana tana ga sunan yanki. Kafin 1983 sunayen dukan kwamfutocin da ke haɗe a Amurka cikin takarda ɗaya ake tara su a wata cibiya a Kalifoniya, har abin ya gagara, Paul Mockapetris ya tsara yadda kowane yanki zai riƙe nasa. Nijeriya ta sami ng a 1995, amma a farkon zamanin daga birnin Pisa na Italiya ake kula da na'urarsa. Sai da aka sha jayayya, Shugaba Obasanjo ya sa baki, kafin a kafa ƙungiyar NiRA a 2005. Ƙasa guda ke nan ta yi shekaru mabuɗin sunanta yana hannun wani. To, ina ga ƙaramar hukuma?

Sunan yanki ba sayensa ake yi ba, haya ce, ana sabuntawa. Abin da aka saba gani shi ne ɗan kwangila ya yi wa hukuma rajista da sunansa da adireshinsa, ya karɓi kuɗinsa, ya kama gabansa. Shekara ta zagayo, ba wanda ya tuna, hayar ta ƙare. In com ne ko makamancinsa, kowane ɗan damfara yana iya kama sunan, ya buga tallar ɗaukar ma'aikata, ya karɓi kuɗin fom daga matasa. Wasiƙun hukuma kuwa, in a akwatin kyauta na wani ma'aikaci suke, ranar da aka yi masa canjin wurin aiki tare da shi za su tafi.

A watan Fabrairu na 2022, zamanin Minista Isa Ali Pantami, Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince cewa ma'aikatun gwamnatin tarayya su riƙa harkokinsu ƙarƙashin gov.ng, wanda hukumar NITDA ke ba da shi ga hukumomin gwamnati kaɗai. Daɗa ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Wanda ke neman ya riƙe baitulmalinsa da hannunsa, bai kamata ya bar adireshin baitulmalin a aljihun ɗan kwangila ba.

Wani zai ce mutanen Gwandu da Kalgo ruwa da wuta da taki suke nema, ba sunan na'ura ba. Gaskiya ne, ba mai musu. Sai dai wannan aiki ba ya cin kuɗin rijiya ko ɗaya. Littafin rajista guda ya isa, a hannun sakataren ƙaramar hukuma: sunan kowace kwamfuta, ofishin da take, da wanda ke amsa ta. A raɗa sunan da aikin ofis, kamar albashi-1 ko lafiya-2, ba da sunan mai kujera ba, don shi mai tashi ne. Rajistar yanki ta kasance da sunan hukuma, a rubuta ranar sabuntawa da wanda ke riƙe da kalmar sirri cikin takardun miƙa aiki, tare da mabuɗan motoci da takardun banki. Masu binciken kuɗi na Jihar Kebbi kuma, in sun zo ƙidayar kujeru da fankoki, su nemi a nuna musu wannan littafi.